Tarihin Michael Imoudu, Shugaban Ma'aikatan Jirgin Ƙasa (1902–2005)

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, an saba a irin wannan ɗan littafi na tunawa a kawo tarihin sarakuna da hakimai da alƙalai, waɗanda su ne ginshiƙan mulkin En'e a zamaninsa. Wannan karo kuwa an zaɓi wani mutum wanda bai taɓa naɗa rawani ba, bai taɓa karɓar ko anini daga Baitulmalin Kano ba, ba kuma Bahaushe ba ne. Dalilin zaɓensa shi ne, duk wanda Allah ya ɗora bisa kan mutane a wurin aiki, ko magatakarda ne, ko ma'aji, ko shugaban leburorin hanya, ba makawa wata rana za a aiko masa da sabon tsarin aiki, a ce ya zartar. Yadda zai yi da mutanensa a wannan rana, shi ne abin da tarihin Michael Imoudu ke koyarwa.

JIRGI DA GYAƊA

Kafin a shiga labarin mutumin, ya kamata a san abin da ya haɗa manomin ƙasar Kunci da ma'aikacin reluwe na Ikko. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin shekarar 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun yi tsammanin auduga za ta cika taragunsu, sai manoman Kano suka juya ga gyaɗa, domin ita ƙasar rairayi ta arewacin Kano ta fi karɓa, kuma in ciniki ya ƙi, ana iya cinta a gida. Daga Kunci da Bichi da Tsanyawa da Kazaure, da kaka ta yi sai jakuna da raƙuma su kama hanya, a auna a sikeli, a zuba a buhu, a kai bakin tasha. Da kuɗin gyaɗan nan talaka ke biyan haraji, da harajin nan a ke cika Baitulmali, daga Baitulmali kuwa albashin hakimi da malamin haraji da ɗan doka ke fita. To, tsakanin Kano da bakin teku tafiyar mil ɗari bakwai ce. In kan jirgi ya lalace ba a gyara ba, gyaɗa ta tsaya. Saboda haka hannun maƙerin da ke gyaran jirgi a Ebute Metta yana cikin aljihun kowane ma'aikacin En'e, ko ya sani ko bai sani ba.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Michael Imoudu cikin watan Satumba na 1902 a ƙasar Ora, wadda ke cikin Jihar Edo ta yanzu. Ubansa soja ne a rundunar Turawan Ingila ta Afirka ta Yamma. Da uban ya rasu, yaron ya koma hannun wani danginsa mai aikin gyaran wayar tangarahu, wanda a kan yi ta ɗaga shi daga gari zuwa gari. Wannan yawo ya sa karatunsa ya yi ta yankewa, har ya zama saurayi sosai kafin ya gama makarantar elementare a Agbor cikin 1927. Amma yawon ya ba shi wani ilmi da ba a samu a aji, watau sanin halin ƙananan ma'aikatan Gwamnati, da irin abincinsu, da irin bashin da ke kansu kafin wata ya mutu.

Daga nan ya tafi Ikko neman aiki. Ya taɓa aikin waya kaɗan, sa'an nan ya shiga reluwe a matsayin lebura, har aka ɗauke shi koyon sassaƙar ƙarfe da inji a babbar maƙerar jirgi ta Ebute Metta. A nan ne a ke kwance kan jirgi ɗungum, a gyara, a mayar. Ma'aikatan wurin gwanaye ne, amma yawancinsu 'yan aikin yini ne, ba su da fansho, ba su da hutun shekara irin na akawuna, kuma ana iya sallamar mutum ko da ya shekara goma yana aiki.

LISSAFIN AWA

A farkon shekarun 1930 ciniki ya faɗi a duniya duka. Kuɗin gyaɗa ya karye a Kano, kayan da jirgi ke ɗauka suka rage daraja, shugabannin reluwe suka shiga neman inda za su tsuke bakin aljihu. Cikin dabarun da suka kawo har da sāke hanyar biya: maimakon a biya mutum kuɗin yini, sai a ƙidaya awoyin da ya yi, a biya shi gwargwadonsu. A takarda abin ya yi kyau, don kuwa an ce kowa zai ci guminsa daidai, malalaci ba zai ci na mai himma ba. Amma ranar Asabar rabin yini a ke yi, a dā kuwa cikakkiya a ke biyanta. Da lissafin awa ya zo, sai kowane mako kuɗin ma'aikaci ya ragu, alhali aikinsa bai ragu ba. Ba a tara su an yi shawara ba, sai dai suka ga ragi a ranar biya.

A cikin wannan ɓacin rai ne ƙungiyar ma'aikatan reluwe ta tsiro, wajen 1931 zuwa 1932. Da ma akwai jam'iyyar akawunan Gwamnati tun 1912, da ta malaman makaranta da aka kafa a 1931, amma su nasu roƙo ne da takarda cikin ladabi, a karanta ko a ajiye. A 1938 aka yi dokar ƙungiyoyin ma'aikata, wadda ta yarda mutum biyar ko fiye su haɗu su yi rajista. Ƙungiyar reluwe ce ta fara karɓar takardar rajista a farkon 1940, Imoudu kuwa shi ne shugabanta.

Babban abin da ya sa gaba shi ne a kashe lissafin awa, a kuma shigar da gwanayen ma'aikata cikin ma'aikatan dindindin. Aka yi ta kai da kawowa har 1941. A ƙarshen watan Satumba na shekarar, ma'aikata suka zo da safe suka tarar an kulle musu ƙofar maƙera. Imoudu bai bar su sun fasa ƙofa ba, bai kuma bar su sun watse ba. Ya jera su dubbai, suka taka da ƙafa daga Ebute Metta, suka haye gada, har gidan Gwamna, mutanen gari na biye da su. Gwamna Bourdillon ya saurare su, ya sa aka buɗe ƙofa, lissafin awa kuwa ya mutu.

A nan akwai abin lura. Tsarin da aka kawo don a rage ɓarnar kuɗi ya shekara wajen goma yana cin zuciyar mutanen da jirgi ya dogara da su, ya kuma ƙare da tsayawar aiki a tsakiyar yaƙi, lokacin da Ingila ke matuƙar bukatar gyaɗa da kuza. Abin da aka tara da cokali, aka zubar da ludayi. Da an kira wakilan ma'aikata tun farko, da sun nuna ramin Asabar ɗin nan cikin zama guda, domin mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

KUƊIN TSADA DA TSAREWA

Yaƙin Hitila ya kawo tsadar abinci da tufa da kuɗin haya. Ƙungiyoyin masu aikin hannu na Gwamnati suka haɗa kai a 1941, Imoudu yana cikin manyansu, suka nemi a ba su ƙarin kuɗi saboda tsada, abin da aka riƙa kira Kola. Gwamna ya naɗa kwamiti ƙarƙashin wani Bature mai suna Bridges, a 1942 aka ba da ƙarin. Sunan Imoudu ya cika ƙasa, hukuma kuwa ta fara ganinsa ƙaya a ƙafa. A watan Janairu na 1943 aka kore shi daga aiki, aka tsare shi da dokar yaƙi, da fari a Benin, daga baya a Auchi. Ya shekara biyu da watanni ba ya da ikon fita.

Masu mulki sun zaci in an cire shi ƙura za ta lafa. Abin da ya faru shi ne, an rasa wanda ma'aikata ke jin maganarsa, tsada kuwa ba a tsare ta tare da shi ba. Da yaƙi ya ƙare a Turai aka sake shi, ya shiga Ikko a farkon watan Yuni na 1945 bisa farin doki, jama'a ta fito tarbarsa kamar ranar hawan salla.

YAJIN AIKI NA 1945

Ya tarar ƙungiyoyi sun riga sun ba Gwamnati wa'adi. Suna neman a ƙara rabi bisa kuɗin tsada, kuma kada lebura ya sami kasa da sule biyu da sisi a yini. Gwamnati ta ce ƙarin kuɗi ba ya kawo ƙarin kaya a kasuwa, sai dai ya ƙara tsada. Waɗansu shugabannin ƙungiya suka so a jinkirta, suna tsoron doka. Imoudu ya ce wa'adi ya cika, ma'aikata kuwa suka bi shi. Ran 22 ga Yuni, 1945, jirgi ya tsaya. Ma'aikatan waya da na tashar jiragen ruwa da na ayyuka da na ɗab'i suka bi sahu, mutum dubu talatin ko fiye. A Ikko an yi kwana 44, a waɗansu garuruwa ma an zarce haka. A Arewa abin ya fi ƙarfi a garuruwan reluwe irin su Zariya da Kaduna da Kano. Wasiƙa ta daina tafiya, waya ta yi shiru, kayan kanti suka yanke.

Daga ƙarshe aka koma aiki bisa alkawarin ba za a hukunta kowa ba, kuma za a kawo mai bincike daga Ingila. Aka aiko Tudor Davies, wanda rahotonsa na 1946 ya gaskata kukan ma'aikata, aka ƙara musu rabin nan da suka nema. Watau abin da aka hana a teburin shawara, shi aka bayar bayan ƙasa ta yi hasarar aikin mako shida.

Ba daidai ba ne a ɓoye cewa yajin ya cuci waɗanda ba su ci ba, ba su sha ba. Manomi ba ya cikin masu karɓar Kola, amma shi ma ya ɗanɗana tsadar gishiri da kananzir. Haka kuma ba daidai ba ne a ɗora wa ma'aikata laifin da ba nasu ba. Dalar gyaɗa da ta yi ta tashi a Kano a ƙarshen shekarun 1940, wadda a kan haɗa da sunan Alhasan Dantata, alama ce ta albarkar noma, kuma alama ce ta gazawar jirgi, domin yaƙi ya cinye kawunan jirgi da taragu, sababbi ba su iso da wuri ba, gyaɗar bara ta riƙa tarar da ta bana. Tsofaffin injunan da suka ci gaba da jan kaya a shekarun nan, gwanintar maƙeran Ebute Metta da Zariya da Enugu ce ta riƙe su.

MAJALISAR SHAWARA DA JININ ENUGU

Bayan yajin, Gwamnati ta gane gara a yi magana kafin wuta ta kama. A 1948 aka kawo irin majalisun nan da a ke kira Whitley, waɗanda aka fara a Ingila tun zamanin yaƙin farko, inda wakilan hukuma da na ma'aikata ke zama tare a kan albashi da lokacin aiki da ƙarin girma. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutumin Kano. Tun kafin zuwan Turawa, in Sarki yana da aiki ga maƙera ko magina ko mahauta, ta hannun Sarkin Maƙera da Sarkin Magina da Sarkin Pawa ya ke bi, su kuma su kawo masa uzurin mutanensu. A shekarar nan ta 1948 ne kuma Malam Aminu Kano da abokansa suka kafa jam'iyyar malaman makaranta ta Arewa, yawancinsu kuwa ma'aikatan En'e ne.

Inda aka ƙi bin wannan hanya, an ga abin da ya biyo baya. A mahaƙar kwal ta Enugu, wadda ita ke ciyar da jirgi wuta, an daɗe ana jayayya a kan kuɗin aiki da yadda a ke juya ma'aikata, shugabanni da ƙungiya ba mai amincewa da wani. Ma'aikata suka shiga jan ƙafa a aiki, aka sallami waɗansu, suka ƙi fita daga rami. Ran 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sanda suka buɗe wuta a Iva Valley, mutum 21 suka mutu. Kwamitin Fitzgerald da ya bincika ya ga laifi a ɓangarori biyu, amma bai sami hujjar harbin ba.

BAYAN MULKIN KAI

A 1955 aka mai da reluwe kamfanin Gwamnati mai cin gashin kansa, aka fara shigo da kawunan jirgi masu shan man dizal maimakon kwal. Imoudu a lokacin ya zama uban ƙungiyoyin ƙasa, ya shugabanci babbar tarayyarsu da aka kafa a 1953. Ana yi masa laƙabi da Shugaban Ƙwadago Lamba Ɗaya, yakan kuwa fito gaban jerin gwano da shigar gargajiya da layu, abin da ke ƙara wa mabiyansa ƙarfin zuciya. A watan Yuni na 1964 yana cikin jagororin yajin gama-gari na kusan mako biyu, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta yi nawa wajen aiki da rahoton kwamitin Morgan a kan albashi.

Tarihi ba ya cika sai an faɗi rauni. Imoudu mutum ne mai taurin kai, ya fi gwaninta a fagen fama bisa teburin lissafi. A zamaninsa ƙungiyoyin ƙwadago sun yi ta rabuwa, waɗansu sun karkata ga Rasha, waɗansu ga Amurka da Ingila, har a ma'aikata guda a sami ƙungiyoyi barkatai, kowace tana neman ta fi 'yar'uwarta zafi. In baki ya yi yawa, shugaban aiki mai kyakkyawar niyya ma ba ya sanin da wa zai ƙulla alkawari. Wannan ya ba Gwamnatin soja hanya: bayan binciken kotun Adebiyi, a 1977 aka hana Imoudu da waɗansu shugabanni goma shiga harkar ƙungiya, a 1978 kuma aka narkar da ɗaruruwan ƙungiyoyi suka koma 42 ƙarƙashin uwa guda, watau NLC. Ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, magadan ma'aikatan En'e, tana cikinsu.

Shi kuwa jirgin da ya yi wa bauta, tun daga tsakiyar shekarun 1960 ya shiga hasara. Motocin lori suka kwashe masa kaya, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke hanyar gabas, farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka share dala daga Kano, kuɗin man fetur kuwa ya tafi ga titunan mota. An ɗauko gwanaye daga Indiya a 1979 suka riƙe shi shekara uku, ya ɗan farfaɗo, suna tafiya ya koma. Ƙungiya tana iya hana a cuci ma'aikaci, tana iya nuna wa shugabanni kuskurensu, amma ba ta iya sayen kan jirgi, ba ta iya sa ruwan sama ya zuba a Kunci.

SHI DA KANO

Ƙafar Imoudu ta taka Kano tun 1946, cikin tawagar NCNC da ta zaga ƙasa tana sukar tsarin mulkin Gwamna Richards. A wannan tafiya ce ciwo ya kama Herbert Macaulay a Kano, aka mai da shi Ikko ya rasu. Da aka dawo siyasa a 1978, Imoudu ya shiga PRP ta Malam Aminu Kano, ya zama mataimakinsa. Da jam'iyyar ta rabu biyu a 1980, shi ya shugabanci ɓangaren da gwamnoni biyu ke ciki, Muhammadu Abubakar Rimi na Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa na Kaduna. A shekarar nan ta 1980 Gwamnatin Kano ta mai da ran 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata, Gwamnatin Tarayya ta bi sahu a 1981.

RASUWARSA

Allah ya ba shi tsawon rai, ya ga jikokin waɗanda suka taka da shi zuwa gidan Gwamna sun yi furfura. Bai tara dukiya ba, abokan gābarsa ma sun shaide shi da wannan. An sa sunansa a makarantar koyon harkokin ƙwadago ta ƙasa da ke Ilorin. Ya rasu a Ikko ran 22 ga Yuni, 2005, yana da shekara 102, ranar da yajin 1945 ya cika shekara sittin daidai.

Abin da mai riƙe da ma'aikata zai ɗauka daga wannan tarihi a fili ya ke. Sabon tsari ba ya tafiya da ƙafarsa, mutane ke ɗaukarsa. In za a sāke lokacin zuwa aiki, ko hanyar biyan albashi, ko a kawo inji ya maye gurbin hannu, to, a kira wakilan waɗanda abin zai shafa tun yana takarda, a faɗa musu dalili, a ji inda zai cije su, a gyara abin da ke gyaruwa. Shugaban da ya yi haka ya sami idanu ɗari masu duba masa aiki, wanda ya ƙi kuwa zai ji maganar dai, amma a bakin ƙofa, bayan an yi hasara. Su kuma wakilan ma'aikata, wajibi ne su tuna akwai mutum na uku wanda ba ya zama a teburin, shi ne talakan da ya biya haraji yana jiran aiki, kuma rijiyar da kowa ke sha ba a zuba mata ƙasa don an yi fushi da mai guga.

Allah ya ba shugabanni kunnen saurare, ya ba mabiya gaskiya da haƙuri, ya sa albarka a gumin kowa. Amin.